Shekara Ukun Da Aka Ɗora Wa Kyari

Kyari ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, kofin shayi a hannuna. Ɗiyarsa Falmata ce ta kira, ta ce, “Baba Sani, abokinka ya tafi bayan asuba.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a daɗe ba na ga sanarwa tana yawo a waya, wai tsohon mai gyaran famfo ya rasu yana da shekara kaza. Ina ganin shekarun raina ya ɓaci. Ƙarya ce, an ƙara masa uku. Ba laifin yaran da suka rubuta ba ne, abin da suka gani a takarda suka kwafa. Amma ukun nan ita ta hana Malam Kyari zama injiniya, kuma da hannuna a ciki.

Kun san ban cika dogon rubutu a nan ba. Yau sai kun yi haƙuri da ni.

Ni da Kyari rana ɗaya aka yi sunanmu a cikin Birni, nan Damagaram. Gidanmu na dukawa, nasu na Barebari masu fataucin kanwa, katanga ɗaya ta raba mu. Innata takan ce wanzami ɗaya ya yi mana aski, daga gidansu ya faɗo namu.

A zamanin Nasara wa yake da takardar haihuwa? Ranar da aka kwashe mu zuwa lakwal, wato makarantar boko, an jera mu gaban wani akawu a inuwar tsamiya. Ya ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa. Sai ya dube ka sama da ƙasa, ya rubuta shekarun da ransa ya ba shi. Ni guntu ne, da ƙyar na taɓo kunnen. Kyari kuwa dogo ne tun yana yaro, hannunsa ya wuce kunne har ya kusa haɓa.

Da Kyari ya ji abin da aka rubuta masa, ya ce wa akawun, wanda ake kira Mushe kamar kowane ɗan boko, “Mushe, ni da wannan ranarmu guda fa.”

Akawun ya ce, “Kai zankalele, rufe mini baki! Wannan ɗan tsakon ne sa'anka?”

Aka tuntsire da dariya. Ni ma na yi.

Shi ke nan. Mutum ya zauna a inuwa, ko zufa bai yi ba, ya tsofar da yaro da alƙalami.

Wanda ya yi aji da Kyari ya san abin da ake kira lissafi. Mushe, wato malaminmu, bai gama rubuta tambaya a allo ba, shi ya riga ya ajiye alli yana kallon taga. Ni dai ina biye da shi, amma kullum ta baya. Sau nawa ya zaunar da ni a zaurensu yana zana mini a ƙasa da tsinke har sai na gane.

Kuma tun a lokacin zancensa ɗaya ne: ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwan garin nan. In ya ga iyayenmu mata sun dawo daga rijiya wuya ya sanƙare, sai ya ce, “Guntu, garin nan ba talauci ke damunsa ba, ƙishirwa ce.”

Muka ci jarrabawa, aka loda mu a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa kwaleji a Yamai. A wancan lokacin ɗan ƙasa mai ƙwaƙwalwa hanyarsa uku ce: malamin lakwal, akawu, ko malamin asibiti. Injiniya kuwa Bature ne mai hular kwano, kai naka ka riƙe masa igiyar awo.

Sai ga mulkin kai. Turawa suka fara ɗaure kaya, aka duba aka ga babu mai karɓar aikinsu. Aka ce za a tura yara waje su karanto hanyoyi da gadoji, da lantarki, da haƙar ma'adinai, da ruwa. Ajinmu kujera ɗaya aka ba shi. Aka yi jarrabawa. Kyari na ɗaya, ni na biyu.

Ranar nan har rawa ya taka a tsakar makaranta, mutumin da ban taɓa ganin ya yi rawa ba.

Bayan kwana biyu darakta ya kira shi biro, wato ofishinsa. Wai burs ɗin, wato tallafin karatun, tana da iyakar shekaru, kuma a takarda ya wuce. Ya tsufa. Yaron da ko gemu bai tsiro masa ba! Kyari ya rantse, ya nuna ni ta taga. Darakta ya ce shi takarda ya sani. In yana da ja, ya je gida ya kawo shaidu biyu da ba danginsa ba gaban alƙali a gyara.

To ga inda nake so ku ji da kyau.

Da muka dawo gida, muka tarar wanzamin ya riga ya mutu. Saura wata tsohuwar ungozoma da innata. Ungozoma ta yarda. Innata ma ta yarda, har ta fitar da mayafin da za ta je da shi. Sai babana ya kira ni zaure, ya ajiye fatar da yake ɗinki, ya ce, “Sani, in uwarka ta buɗe baki, kujerar nan ta tsallaka katanga. In ta yi shiru, taka ce. Me ka ce?”

Ban ce komai ba.

Ya jira, na ci gaba da kallon ƙasa. Ya tashi ya shiga cikin gida. Washegari aka aika gidan su Kyari cewa inna ba ta da lafiya, kuma ta ce ba ta tuna ranar sosai ba.

Ni aka tura.

Kyari ne ya ɗauko mini akwati har tasha. Ya ba ni kwalin kayan awonsa na lissafi, wanda ya fi so a duniya, da ƙullin dabino. Ya ce, “Ka karanto mana da kyau, Guntu.”

Da na isa can aka ce in zaɓi fanni, na zaɓi hanyoyi. Dalili? Na ji an ce su ake ba mota da gida.

Na dawo ana ce mini Injiniya. Shi kuma ya shiga aikin ruwa a matsayin lebura, daga baya aka ɗaga shi zuwa mai gyaran famfo, nan ya tsaya har ritaya. Daga Hamdara zuwa Garagumsa babu rijiyar da bai leƙa ba. Na gani da idona: injiniya ya zo da digirinsa da takalmi mai ƙyalli, ya buɗe taswira, ya juya ta, ya sake juya ta, sannan ya matso a hankali ya ce, “Malam Kyari, a ina kake ganin za mu haƙa?” Kyari ya nuna, a haƙa, ruwa ya fito, wancan ya sa hannu a rahoto. Ko a ƙasan shafi ba a taɓa sa sunansa ba.

Wallahi abin nan yana ci mini rai. Ƙasar da ke kukan ba ta da ma'aikata ta ɗauki mafi kaifin yaranta ta miƙa masa sifana saboda tsawon hannunsa. An sauke tuta an ɗaga wata, amma babu wanda ya ce bari a sake duba abin da akawun Nasara ya rubuta. Mu da muka hau kujerun ma ba mu duba ba. Na zauna a manyan biro shekara da shekaru, wace rana na tayar da maganar?

Shi kuwa ko a fuska. Lokacin da innata ta tsufa ina can Yamai, shi yake aika mata da ruwa kullum, innar nan da ta ce ba ta tuna ba.

Da ya yi ritaya, ƙofar gidansa ta koma wurin shawara. Duk yaron da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, a unguwa sai an turo shi wurin Baba Kyari kafin ya cika takardar zaɓen fanni. Yakan ce, “Kar ka ɗauki karatu don sunansa na da daɗi a kunnen surukai.” In yaro ya ce lantarki, ya ce madalla, ga rana nan tana dukanmu a banza, mai iya kama ta ba zai zauna ba. In ya ce gini, ya tambaye shi ko zai iya wuni a rana. In ya ce anfarmatik, wato ilimin kwamfuta, ya ce, “In ka iya da gaske, kana zaune a Zinder za ka yi wa na nesa aiki. In kwali kawai ka je nema, za ka ƙare kana buga wa mutane katin biki.” Mata ma bai bar su ba, da kansa ya je ya lallashi wani maƙwabci har ya bar ɗiyarsa ta karanta injiniyan ruwa.

Kuma kafin yaro ya tashi sai ya ce, “Kawo takardar haihuwarka in gani.” Ya sa tabarau ya bi ta layi layi. Yaran suna ɗauka tsufa ne.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne. Na same shi kwance a zaure, ya rame, ƙafafun nan sun wuce tabarma. Ya ce, “A'a, Alhaji Injiniya da kansa? Yau hanya ta biyo ta gidan lebura?”

Na zauna. Na ce, “Kyari, akwai maganar da na riƙe tun muna samari. Inna lafiyarta ƙalau ran nan. An tambaye ni, na yi shiru.”

Ya ce, “Na sani. Kamiyonku bai fita gari ba ta shigo gidanmu tana kuka, ta faɗa wa innata duka.”

Na ce, “Kuma duk shekarun nan ba ka ce mini komai ba?”

Ya ce, “In ce me? Yaro ne kai, aka ajiye maka duniya a gaba. Wannan na yafe tuntuni. Abin da ya tsaya mini a wuya guda ne, Guntu. Tunda ka karɓi kujerar, me ya hana ka karanto ruwan?”

Da tambayar nan na fito daga zauren. 

Bayan la'asar za mu kai shi.

Ya Allah, kai ne ka san kwanakinsa na gaskiya, ba ka buƙatar shaida. Ka gafarta wa Kyari, ka yalwata masa kabarinsa, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinka. Ka ba Falmata da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. In kun gama, ku saka ni a ciki. Na fi shi buƙata.