Kiɗan da Merv Bai Bar wa Numfashi Wuri Ba

Merv Pascoe ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran wutar lantarki a garin Broken Hill, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai tsara kiɗa ne. Girman kai kam, Allah ya ba shi. Su biyar ne har da shi masu busa saksofon, wani abin busa na Turawa, duk 'yan fansho, suna haɗuwa kowace Talata a zauren coci.

Da bikin gari ya matso, Merv ya ɗauko wani tsohon kiɗa da aka rubuta wa taron masu goge, ya kwafe shi a takarda, ya rarraba musu su biyar ɗin. Doguwar murya ta ƙasa ya ba Alby Trembath, amininsa tun suna yara, mai busa babbar saksofon, wanda aikin ramin ma'adinai ya cinye wa rabin huhu.

Kullum a tsakiya Alby ke yankewa, ya kama tari.

"Haba Alby, busa aka ce, ba kakarin mutuwa ba!" in ji Merv. "In tsufa ya zo, sai mutum ya ba yara wuri." Aka yi dariya, har da Alby.

Talatar gaba Alby bai zo ba. Merv ya aro babbar saksofon, wai zai nuna musu yadda ake yi. Bai kai rabi ba ya fara ganin duhu-duhu. Noelene, mai busa ƙaramar, ta leƙa takardar.

"To gwani, mai goge da hannu yake ja, ina ruwansa da numfashi? Ina ka bar wa mutum wurin shaƙar iska?"

Babu. Yadda Merv ya ga kiɗan masu gogen haka ya kwafe shi. Kunya ta kama Merv har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya gyara takardar, ya tafi gidan Alby, ya same shi yana ba tumatir ruwa.

"Laifina ne, abokina. Ga shi na gyara. Ka dawo."

Alby bai karɓa ba. "Tun ranar farko na ga babu wurin numfashi," ya ce. "Shiru na yi don kada in ba ka kunya a gaban mutane."

Merv ya tsaya da takarda a hannu. "To yanzu huhunka zai iya?"

"Huhun zai iya," in ji Alby, ya kashe famfo. "Zama kusa da kai ne ba zan iya ba."