Kilo Biyu na Irin Albasa

Har yau in na tuna shekarar da na yi ina aikin kwamfuta a wani ofishin tallafa wa manoma a Kalgo, sai in ji bakina ya yi ɗaci. Injin ban ruwa za mu raba, guda ashirin, ga waɗanda suka fi kowa shuka albasa. Ma'aunin kuwa yawan irin da mutum ya zuba.

Malaman gona suka zagaya Diggi, Dalijan da Malisa, suka turo mana jadawali a kwamfuta. Kai, ƙazanta! Wannan ya rubuta 250g, wancan 2kg, wani rabin kilo ne ya sa 0.5kg. Kwamfuta kuwa ba ta ɗauki ko ɗaya a matsayin lamba ba, tunda harafi na manne a jiki. In ka ce ta jera daga babba zuwa ƙarami sai ta yi maka shirme.

Gyaran ba wuya. A ware lambar daga harafin, duk inda aka ga kg a ninka sau dubu, kowa ya koma giram. Na fara, ina bi layi-layi don wasu sun bar tazara a tsakani. Sai ga ogana, mutum mai son a ce ya iya kwamfuta, ya tsaya a kaina yana sakace.

"Malam, me kake ta jan jiki? Goge haruffan kawai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an goge, mai giram ɗari biyu da hamsin zai hau kan mai kilo biyu."

"Lamba lamba ce. Gobe manya za su zo."

Ya ja kujerata, ya danna sau uku, g da kg suka ɓace. Ya jera, ya buga a takarda, ya miƙo mini biro. Ni kuma, tir da ni, na sa hannu. Wallahi na san abin da na sa wa hannu.

Ranar rabo wani dattijo ya zo daga Malisa, can ƙasar Gwandu. Shi ne mai kilo biyun nan, duk jadawalin babu wanda ya kai shi. Da guga yake ban ruwa shekara da shekaru, tafin hannunsa kamar bayan kwando. Malamin gona ya riga ya ce masa injin nasa ne, saboda haka har amalanke ya aro, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a ciki kada fentin injin ya kuje.

Aka kira mutum ashirin, yawancinsu masu ɗan fage a bayan gida. Oga yana ta washe baki ana ɗaukar hoto, abin ya ba ni ƙyama. Dattijon ya jira har aka watse, sannan ya zo teburina.

"Ɗana, duba mini. Nawa anka rubuta mini?"

Na duba. Na ce, "Biyu, Baba."

"To, daidai ne, biyu na zuba. Ashe akwai waɗanda sunka fi ni. Allah shi sa musu albarka."

Ya yi mini godiya. Ya fita, ya naɗe tabarmarsa, ya juya amalanken.