Ni Na Sa Falmata a Raga

Gab da azumin shekarar 2016, ina da shekara goma sha biyu, na dawo daga famfo da bokiti a ka na tarar da tsakar gidanmu a Diffa cike da baƙi. Mutanen Bosso ne, wani masunci abokin Baba da iyalinsa, sun kwana uku suna tafiya a ƙasa bayan harin da aka kai garinsu. A gindin dalbejiya wata doguwar yarinya na zaune, ƙafafunta duk sun faffashe, tana jujjuya ƙwallona da yatsun ƙafa ba tare da ta nemi izini ba. Sunanta Falmata. Tun ranar ba ta kwanta mini a rai ba.

Ƙwallon nan shi ne sarautata. Bayan gidanmu akwai filin da Baba yake shanya tattasan da ya nomo a bakin kogin Komadugu, amma tun da aka hana fataucin tattasai, gonar kuma ta gagari zuwa, filin ya zauna fayau. Nan mu 'yan matan unguwa muke taruwa bayan an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, in mun gama surfe da wanke-wanke. Mu ɗaura zane a kan wando, mu ajiye buhunan wofi mu danne da duwatsu su zama raga. Har lokacin ƙasar wurin da yajinta, duk wadda ta faɗi sai ta tashi tana atishawa. Ni ke raba mu gida biyu, ni ke cin ƙwallo, wadda ta yi mini gardama kuwa in ɗauke abina in shige gida.

Falmata ta zo ta rushe mini mulki. Ranar farko ta ci huɗu, ba ko takalmi, kuma duk sanda ta wuce ni sai ta waiwayo ta ba ni haƙuri da Hausarta irin ta Barebari. Ƙawayena suka koma kiran sunanta. Kishi ya hana ni cin tuwo. Ana cikin haka labari ya zo cewa Madam Zara, malamar wasanni, za ta zo filinmu ta zaɓi waɗanda za ta kafa ƙungiyar mata da su, ni kuwa duniya ba abin da nake so kamar a sa ni a gaba. Sai na shelanta cewa baƙuwa raga take tsarewa, dokar fili ce. Babu wata doka, a ranar na ƙago ta. Falmata ta ce to, don a gidanmu take ci take kwana.

Abin da ban sani ba, tun tana ƙarama babanta ke jefo mata tarwaɗa mai rai daga kwalekwale, tana cafewa a bakin gaɓa. Ranar zaɓe na buga har ƙafata ta yi tsami, ko ɗaya bai wuce hannunta ba. Madam Zara ta fara ɗaukar Falmata, ni aka ce in ƙara ƙoƙari. Kakata, wadda ta ga komai daga bakin ƙofa, ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce. Ke kuwa 'yar manomi, kin iya zuba taki."

Ƙungiyar, da gari ya laƙaba wa suna Jan Tattasai, ta fara ne da rigunan aro, tana karawa da 'yan matan sansanonin gudun hijira na bakin titi. Dattawan unguwa suka yi surutu har suka gaji. Daga nan ta je Damagaram, ta je Yamai, yau 'yan wasanta albashi suke ɗauka, sunan Falmata kuwa yara ke rubutawa a bayan riga. Duk wasan da suka yi a Diffa ina bakin fili, ina tafi da hannu, zuciyata na ƙuna.

Yanzu filin shanyar ya zama gidaje, ni kuma ina sayar da garin tattasai a kasuwa. Bara na ji Falmata a rediyon maƙwabciyar rumfata, an tambaye ta wa ya fara gano baiwarta. Sai ta ambaci sunana, ta ce, "Hadiza, 'yar uwata ta Diffa. Ita ta ga hannuna tun ban san da shi ba." Matan layinmu suka yi ta guɗa suna taya ni murna, na yi murmushi na ci gaba da awo. Ƙwallon yana nan ƙarƙashin gadona, iskarsa ta sace, wani lokaci nakan ciro shi in shinshina ko da sauran yajin filin nan. Har yau godiyarta ta fi ƙwallayen nan huɗu yi mini ciwo.