An Ɗauke Mini Likitata

Yau na leƙa ɗakin Dakta Rifkatu a asibiti, wadda ta shekara tara tana duba hawan jinina, sai na tarar an kulle.

Nas ta ce, "Ai Mama, ta tafi Ingila aiki. Likita ɗaya ya rage mana, sai ki ba shi labarinki daga farko."

Daga farko! Matar da ko fayil ba ta buɗewa, ƙafata kawai za ta kalla ta ce, "Hajiya, an koma wa kilishi ko?"

Wallahi kishi nake ji. Wata tsohuwar Baturiya na can tana morar 'yar ƙasarmu, ni na dawo unguwarmu Wunti ban ga likita ba, maganina saura na kwana biyu.

Ku fa, naku likitan yana nan?