Jan Katin Gambo Gehuru

Shekara ashirin da biyu Buba Mai Kira ya yi a bakin tagar wani ƙaramin asibiti a gefen Jega Firchin. Aikinsa ya zaro kati daga akwati, ya kira suna, mai suna ya amsa ya shiga wurin malamin asibiti. Idonsa ya raunana tun da wuri, sai ya kai kati bakin hanci kafin ya karanta. Kunnensa kuwa, tari kawai za ka yi a bayan katanga ya faɗi sunanka da na ƙauyenku.

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba aka zo musu da sabon tsari: magani ya daina zama kyauta. Kwamitin asibitin ya tausaya wa tsofaffin da suka riga suka yi rajista, su goma sha ɗaya, ya ce masu jan kati su ci gaba da karɓa kyauta iya ransu. Duk wanda ya zo daga baya, farin kati, ya biya.

Gambo Gehuru, manomin albasa mai hawan jini, shi ne na bakwai da ya rasu cikinsu. Buba ya je jana'iza, da hannunsa ya zuba ƙasa.

Ranar kasuwar da ta biyo, rana tsaka, ya ci karo da jan katin Gambo cikin akwati. Ya kai shi bakin hanci, ya daɗe a haka, sannan bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Gambo Gehuru!"

"Na'aaam."

Haka Gambo yake jan amsarsa. Daga ƙarshen benci wani ya miƙe sanye da hular marigayi: ƙanensa ne, Ummaru. Buba ya ja shi bayan ɗaki.

"Ummaru, mi kaka yi haka? Tare munka rufe shi!"

"Yaya Buba, dubi ƙafafuna. Albasa ta ruɓe bana. Shi ya gama da kati, ni ban gama ba."

"Ciwonku ba ɗaya ba."

"Magani dai magani na. Ka kira ni, ko in koma gida in jira shi ya kira ni."

Malamin asibitin sabo ne, daga Maiyama aka kawo shi, bai san fuskar kowa ba. Buba ya koma tagarsa bai tona ba. Ummaru ya sha ƙwayar hawan jini a kan ciwon ƙafa har shekara guda, aka rufe shi kusa da wansa. Kati ya koma hannun Hamma, wani makiyayi daga Birnin Malam mai tarin da ba ya jin komai. Bafillace ne, Hausarsa ma da ƙyar, amma bayan wata uku amsarsa ta miƙe ta zama irin ta Gambo.

"Iklima," in ji Buba ga matarsa, "ba ni bambance muryoyinsu yanzu."

"Tsufa na, Malam. Kunne ma gajiya yakai."

A 1997 Buba ya ajiye aiki da nasa hawan jinin da farin kati. Yana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi wurin alwala. A makon ne matar Hamma ta shigo cikin takaba, ta ajiye wani abu a leda bisa tabarma, ta fita ba ta zauna ba.

"Kar ka taɓa shi," in ji Iklima. "Mutum uku ke nan."

"Ba kati yak kashe biyun ƙarshe ba, maganin da ba nasu ba na. Ni ciwona da na Gambo ɗaya."

Ya dogara sanda ya tafi, ya jefa katin a akwati, ya zauna a ƙarshen benci. Salma, wadda ta gaji tagarsa, ta ɗaga katin. Ya koɗe, an liƙa masa takardu har ya yi kauri.

"Gambo Gehuru!"

Tsofaffin da ke benci suka sunkuyar da kai.

"Gambo Gehuru, ko bai zo ba?"

Buba ya gyara murya ya amsa. Kunnensa ya saurari muryar da ta fito, ya kuma san mai ita: ta Gambo ce.