Kiryar Da Na Kai Wa Baba

Shekaranjiya na raka ɗana wajen 'yan katako a Funtua, zai sayi na rufin ɗaki. Shi yana ciniki, ni kuwa na bi katakon ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da kan sandata, ina kara kunne. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Baba, sallama kake yi? Ai ba kowa a ciki." Aka yi dariya, har da ni. Ban dai gaya masa ba, amma akwai mutum a ciki. Duk iccen da na ƙwanƙwasa, mahaifina ne ke amsawa.

Ni ban yi boko ba. Allon ma ban kai ko'ina ba malam ya ce in je in huta, shi ma ya huta. Sai aka zaunar da ni a zauren Baba, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Malumfashi. Masassaƙi ne, amma abin da ya yi suna a kai shi ne karkiyar shanun huɗa, sandan nan da ake ɗora wa bijimai biyu a wuya su ja garma. Huji huɗu ake yi mata, a zura turaku su sauko gefen wuyan kowane sa. Kana ganin abu ne mai sauƙi, ko? To, hujin ya kauce da faɗin yatsa ɗaya, turken zai yini yana cin naman sa.

Don haka Baba yana da wani gungume mai huji huɗu da muke kira uwa. A ɗora ta bisa sandan, a ɗaure, a gasa ƙarfe ya yi ja, a bi ta hujinta a soka. Yadda uwa take, haka 'ya'yanta za su fito. Ba a yin ta sai da iccen kirya, kuma kiryar da ta mutu a tsaye, ta sha rana shekara da shekaru, ba wadda aka sare ba. Baba yakan ce ɗanyen icce bai gama yanke shawarar inda zai dosa ba.

Abin da mutanen gari ba su sani ba, ciwon yanar ido ya rufe wa Baba gani. Ni da innata kaɗai muka sani. Ya haddace zauren nan kamar fatiha, ya san inda gizago yake, ya san kowa da takunsa, in ka shigo sai ya ɗaga kai ya kira sunanka kamar ya gan ka. Hannu ke yi masa sassaƙa, uwa ke yi masa gani. Da ita yake ci da mu, da ita yake rufa wa kansa asiri.

Wata bazara wutar ƙarfe ta cinye hujin tsohuwar uwar, suka yi faɗi. Baba ya aike ni bayan garin Ƙarfi, gonar wani amininsa Bamaguje, inda wata kirya ta daɗe da mutuwa. Ina da shekara kamar goma sha biyar, ƙafa lafiya, kai ne dai babu kowa. Ina isa Ƙarfi na iske gardawa sun zo da kura. Na ce bari in kalla kaɗan. Kaɗan ɗin nan ita ta kai ni la'asar sakaliya. A hanyar komowa na ga wata kirya da aka sare wajen sharar gona, bayanta ya bushe sarai. Na yanki gungume, na goga masa toka, na saɓo shi ina yabon wayona.

Baba ya karɓa ya jinjina nauyin. Ya ƙwanƙwasa da bayan gizago, ya kara kunne. Busasshiyar kirya ƙara take yi ƙal, kamar ƙarfe. Wannan kuwa ta ce dum. Ya sake bugawa.

"A tsaye ka same ta?"

"A tsaye, Baba."

"Matacciya?"

"Ko ganye ɗaya babu."

Ya sake jinjina gungumen. Sannan ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Kunnen ma ya kama hanya ke nan."

Ka ji fa. Mutumin da ya shekara arba'in yana sauraron icce ya ƙaryata kunnensa, ya gaskata ni. Ni kuma na je na ci tuwo har da ƙari.

Muka huda ta, shi yana awo da igiya, ni ina soka ƙarfe. Karkiyoyin farko suka fito daidai. Amma zafin bazara ya shiga aikinsa. Uwar tana bushewa tana murɗewa kaɗan kaɗan, yadda hannu ba zai lura ba sai ido. Ido kuwa a zauren nan nawa ne kaɗai. Na ga turakun sun fara kwantawa ciki. Kullum in ce gobe zan faɗa, kullum in tuna faɗar tana nufin in kwance ƙaryar tun daga kura. Sai in ja bakina.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita huɗa. Ba a yi sati uku ba sai ga aminin nan na Baba ya shigo da karkiya a kafaɗa, turkenta ɗaya ya yi baƙi da jini, ƙudaje na biye da shi. Zauren cike da mutane. Babban sansa wuya ya ruɓe, tsutsa ta shiga, an yanka shi da safe. Gonarsa rabi ba huɗa, ga damina ba ta jiran kowa.

Bai yi zagi ba. Da ma ya yi. Ya ajiye ta gefen Baba ya ce, "Masassaƙi, dubi aikinka." Baba ya juya fuska wajen muryar, karkiyar kuwa tana ɗaya gefen. Kowa ya gani. Bamagujen ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskarsa, Baba bai ƙifta ba.

"Aradu, mutumin nan ba ya gani," in ji shi. "Tun yaushe, abokina?"

"An jima," Baba ya ce. "Laifin idona ne. Ka yafe ni."

Ina tsaye a bakin ƙofa da bakina, lafiyayye, ban buɗe shi ba.

Da mutane suka watse ya ce in miƙo masa uwar da gatari. Ya laluba ya tsaga ta biyu, ya kai tsagin hancinsa, ya danna farce a tsakiya, ya ji cikin ɗanye ne. Na sunkuya ina jiran duka, wallahi har ina roƙon Allah ya dake ni. Sai kawai ya ce, "Ashe kunnen yana nan." Bai ƙara ba, ranar nan ko wata rana.

Daga daminar nan ba wanda ya sake kawo aiki. Wa zai ba makaho wuyan sansa? Ya koma zaman tabarma a zauren da ba ƙamshin ƙonannen icce, ni na shiga ƙwadago a gonakin auduga. Na yi masa jagora zuwa masallaci har ya rasu. Bai taɓa ƙin kama hannuna ba, amma bai sake tambayata ko mene ne a gabanmu ba. Sandarsa yake tambaya.

Yanzu karkiya ma da bututun ƙarfe wasu ke yi wajen mai walda. Ita kiryar, 'yan gawayi sun gama da ita, dajin da ta rage kuwa ba mai shigarsa ya dawo da daɗin rai. Ni ma yanar ta fara zuwa mini, gado ba ya ɓata hanya. In jikokina suka ce, "Kaka, ba rami, taho," sai in yi dariya in taka, don ni na san abin da yaro ke iyawa.

Rabin uwar nan yana ɗakina, da shi nake tokare ƙofa. Wani lokaci nakan ƙwanƙwasa shi da sanda. Ƙal yake cewa yanzu, tsaf, irin ƙarar da Baba ya nema ran nan. Ya bushe, sai dai ba wanda zan kai wa.