Akwatin Kemistirin Kawu Sani

Ku da kuka taɓa aron littafi a wurin Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata, kun san ba ya shan abu sai ya ɗaga kofin a rana ya ƙura masa ido. Ko a gidan biki ne! Shekara da shekaru yana haɗa rini a ɗakin gwaje-gwajen wata masaƙa a Kakuri, shi ya sa kowane ruwa abin zargi ne a wurinsa. Ran sunan 'yata ya leƙa zoɓona ya ce, "Hauwa'u, wannan jan ko gyale ba zai kama ba."

Shi ya gano yadda shuɗi zai daina zuba a wanki, amma sunan manaja aka sa a takardar yabo. Na ce, "Kawu, ba za ka yi magana ba?"

"In yi magana su tambaye ni me ya hana ni aure? Bar su. Irinmu muna da yawa a kimiyya. Mu yi aikin, a ɗauki hoton wani."

Ban gane nufinsa ba sai da na lura da Baba Luka, wanda suke gida ɗaya a Gonin Gora tun ina goye. Shi kaɗai ke ce masa, "Sani, rufe baki," ya kuwa rufe!

Sai littattafan nan. Kowanne ya naɗe shi da takardar siminti, ya rubuta Kemistiri a baya. A ciki kuwa labaran soyayya ne, namiji da namiji, mace da mace. Ya taɓa ba ni ɗaya. Washegari na mayar masa.

"Innalillahi, Kawu! Babu kemistiri a ciki."

"Kin kai ƙarshe?"

"Ina fa!"

"To kin tsaya kafin wurin kuka. Koma."

Na yi istigfari, na koma. Na yi kukan kuwa, har miyata ta kama.

Da Kawu ya rasu, ran sadakar uku, babban wanmu, Yaya Bello, ya gyara murya ya ce akwatin littattafan kimiyyar Kawu za a kai makarantar unguwa, ya zama sadaka mai gudana. Na san in malami ɗaya ya buɗe shafi, ba sunan mamaci kaɗai zai shiga bakin duniya ba. Ga Baba Luka can, tsoho, shi kaɗai a gidan da kowa ya sani.

Na ce, "Yaya, ni nake so."

"Ke da kika faɗi kemistiri sau biyu?"

"Shi ya sa. Har yau yana cina."

Aka yi ta dariya. Na ja akwatin na sa a keke mai ƙafa uku. Yanzu yana ƙarƙashin gadona a Tudun Wada, duk sanda yara suka shiga shara sai gabana ya faɗi. Don Allah, wanda ke riƙe da ko guda ɗaya ya kawo mini, kada ya kai wa Yaya.

Hukunci ba nawa ba ne, ban kuma iya shi ba. Na dai san mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya Allah ka yi wa Kawu rahama, ka haskaka kabarinsa. Baba Luka kuma ka rufa masa asiri, ka bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a gidan nan ba wanda ya buga masa ƙofa da sharri.